Labarin Zamanin Da A Cikin Ɗigon Ruwa

Ko wane ɗayanmu, in ya koma gida hutu, ya taɓa zama gaban dattijai ya ji suna cewa daminar yanzu ba ta kai ta da ba. Su kan nuna maka busasshiyar fadama su ce a da nan sai da iyo, su nuna maka fili fetal su ce nan kurmi ne. Yaro ba shi da bakin musu, amma wanda za ya zama malami ya kamata ya tambaya, ina shaida? Ma'aunin ruwan sama bai wuce shekara 100 da 'yan kai da zuwa ƙasashenmu ba. Gaba da wannan sai labarin baka, da ɗan abin da malamai suka rubuta. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 da 1914, Tarihin Kano kuwa ya ambaci wata yunwa ta shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki. Amma babu wanda ya rubuta inci nawa na ruwa aka yi a waɗannan shekaru, balle a ce shekara 5,000 da suka wuce, ko 100,000.

To, masana sun sami shaidu waɗanda ba su mantuwa, ba su kuma ƙarin gishiri. Su ne ruwa da laka da ƙanƙara da haƙoran dabbobi. Muna so mu bayyana wa 'yan'uwanmu yadda a ke yi musu tambaya, da abin da suka faɗa bisa duniya da bisa ƙasarmu.

Zarra Mai Nauyi Da Marar Nauyi

Mun koya a aji cewa dukan abin da ke duniya an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ainun waɗanda ido ba ya gani, su a ke kira zarra. Ruwa kuwa zarra biyu ce ta haidirojin ta haɗu da ɗaya ta oksijin. A da an zaci dukan zarrar oksijin iri ɗaya ce, ashe ba haka ba ne. Galibinta nauyinta 16 ne, amma cikin ko wace 500 a kan sami wajen ɗaya mai nauyin 18. Haidirojin ma haka, cikin wajen 6,400 akwai ɗaya wadda ta ninka sauran nauyi. Kabon, watau ainihin gawayi, wanda ke cikin jikin ko wane tsiro da dabba, galibinsa 12 ne, ɗaya cikin 100 kuwa 13.

Misalinsu kamar kwabo biyu ne masu tambari ɗaya, ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya nauyi. Mai gyaɗa ba za ta ƙi ko ɗaya ba, sai an ɗora su a kan ma'auni a ke sanin bambancinsu. Irin waɗannan tagwaye su a ke kira aisotop. Wani Bature na Ingila, Frederick Soddy, shi ya fito da sunan a 1913. A 1929 Giauque da Johnston suka gano oksijin 18 a Amurka, a 1931 kuma Harold Urey ya gano haidirojin mai nauyi.

Aisotop iri biyu ne. Akwai masu rubewa, kamar kabon 14, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730. Da irinsa a ke ƙididdige shekarun tsohon ƙashi ko gawayi. Akwai kuma tabbatattu, kamar oksijin 18 da kabon 13, waɗanda ba su rubewa ko da za su shekara miliyan nawa. Na farko agogo ne, ya kan faɗi yaushe. Na biyu shi ke faɗin yadda zamanin ya ke, kuma shi ne abin maganarmu.

Yadda a ke auna su ya yi kama da shiƙar hatsi. In mace ta ɗaga ƙwarya ta zubo sussukakken gero, iska ta kan kwashe ƙaiƙayi ta kai shi nesa, tsaba kuwa ta faɗo kusa. A cikin na'urar awon, a kan mai da abin da za a auna ya zama iska, a sa masa ƙarfin lantarki, a harba shi cikin wani lanƙwasasshen bututu ta tsakanin maganaɗisu. Maganaɗisun ya kan karkatar da marar nauyi ƙwarai, mai nauyi kuwa kaɗan, sai ko wanne ya faɗa ramin kansa a ƙidaya. Francis Aston ya ƙera irinta a Ingila a 1919, Alfred Nier ya kyautata ta a Amurka, har ta kai ga rarrabe bambancin da bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba.

Rana Tana Zaɓe

Sa'ad da rana ta bugi teku, ruwa marar nauyi ya fi saurin tashi ya zama tururi, mai nauyi ya kan ɗan yi nawa. Saboda haka girgije ya fi teku sauƙi. In kuma girgijen ya tashi zubarwa, mai nauyi ne ke fara saukowa. Ku ɗauki girgije kamar ayarin fatake, waɗanda su ke sayar da kayansu mafi nauyi a zangon farko domin su rage wa jakuna wahala. Ko da za su kai zangon ƙarshe, sai marar nauyi ya rage a mangala.

Daga nan ƙa'idodi uku suka fito. Ta farko, a ƙasashen sanyi, gwargwadon tsananin sanyi gwargwadon yadda girgije ke tatse kansa a hanya, don haka ƙanƙarar da ta zuba a shekara mai tsananin sanyi ta fi ƙarancin oksijin 18. Wani masani na Danmak, Willi Dansgaard, shi ya tabbatar da wannan a rubutunsa na 1964. Ta biyu, a ƙasashen zafi irin namu, yawan ruwa shi ke da iko. Ruwan marka na Agusta ya fi sauƙi, yayyafin farkon damina ya fi nauyi, gama rabinsa ya kan ƙafe tun bai iso ƙasa ba. Tun 1961 aka fara tara ruwan sama wata-wata a tashoshi da yawa na duniya domin wannan awo, har da Kano a shekarun farko. Ta uku, tafkin da ba shi da mafita, in fari ya same shi, marar nauyi ya kan gudu sama, abin da ya rage ya yi ta ƙara nauyi, kamar yadda gishiri ke ƙaruwa a tafkunan kanwa na Manga.

Ruwa dai ba ya tsami banza. In ka san nauyinsa, ka san wani abu na zafi ko sanyi ko farin da ya ratsa. Abin da ya rage shi ne a sami inda tsohon ruwa ya bar sawunsa.

Ma'aunin Zafi A Cikin Ɓawo

Katantanwa da wuri da sauran masu ɓawo na ruwa suna gina ɓawonsu da alli, allin nan kuwa akwai oksijin a cikinsa wanda suka ɗebo daga ruwan da su ke zaune. A 1947 Urey ya nuna da lissafi cewa in ruwan yana da sanyi, ɓawon ya kan ɗauki oksijin 18 fiye da in yana da ɗumi. Bambancin digiri 4 na ma'aunin Santigiret ya kan canza rabon da wajen kashi 1 cikin 1,000. Ke nan ko wane ɓawo ma'aunin zafi ne wanda ya tsaya cik ran da dabbar ta gina shi.

Ya gwada wannan a Jami'ar Shikago, shi da almajiransa. Suka sami ƙashin wata dabbar teku mai siffar harsashi daga tsibirin Skye na Sikotlan, wadda ta mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Ƙashin ya girma ne ɓawo bisa ɓawo kamar albasa. Suka kankare shi ɗaya bayan ɗaya suna aunawa, sai ga zafi yana hawa yana sauka da wajen digiri 6. A 1951 suka ba da labari cewa, bayan ƙuruciyarta, dabbar ta ga lokacin zafi uku da na sanyi huɗu, ta mutu sa'ad da sanyi ya fara sakin ƙasa. Ku duba ikon Allah, a ce an san lokacin da wata 'yar dabba ta mutu a tekun da babu ɗan Adam ko ɗaya da ya gan shi.

Lakar Gindin Teku

A cikin teku akwai wasu halittu da ba su fi ƙwayar rairayi ba, ana ce da su foraminifera, su ma da ɓawon alli. In sun mutu sai ɓawon ya nutse ya kwanta a gindin teku. A wurare da yawa sai an shekara 1,000 kafin lakar ta ƙaru da inci ɗaya. In aka kafa dogon bututu daga jirgi aka zaro lakar kamar sanda, na sama shi ne na jiya, na ƙasa shi ne na da, kamar littafin da aka fara rubuta shi daga shafin ƙarshe.

An riga an sani akwai zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da na Amurka, malaman da kuwa suna koyar da cewa sau huɗu aka yi haka. A 1955 wani mutumin Italiya, Cesare Emiliani, wanda ya yi aiki a ɗakin awon Urey, ya tsince ɓawon nan daga sandunan laka ya auna. Ya tarar sanyi ya zo ya koma sau da yawa fiye da huɗu.

A nan akwai darasi ga ko wane ɗalibi. Emiliani ya ɗauka galibin canjin da ya gani na sanyin ruwan teku ne. A 1967 Nicholas Shackleton na Kambirij ya nuna akwai wani sanadi wanda ya fi wannan ƙarfi. A zamanin sanyi, ruwa marar nauyi da ya tashi daga teku ba ya komowa, ya kan daskare a kan tudu, har tulin ƙanƙara ya kai kaurin mil ɗaya ko biyu. Sai teku ya ragu, abin da ya rage kuwa ya yi nauyi. Wajen shekara 21,000 da suka wuce, teku ya sauka da wajen ƙafa 400 ƙasa da inda ya ke yau. Awon Emiliani daidai ne, fassarar ce ta buƙaci gyara. Shaida ɗaya tana iya samun sanadi biyu, don haka masana ba su yanke hukunci sai sun haɗa ta da wata.

Me ke kawo wannan zuwa da komowa? Wani masanin lissafi na Sabiya, Milutin Milankovitch, ya daɗe da cewa tafiyar duniya kewaye da rana tana sauyawa sannu a hankali, da karkatarta, da layin da ta ke yi kamar katantanwar wasan yara in ta kusa faɗuwa. Mutane da yawa ba su yarda ba. A 1976 Hays da Imbrie da Shackleton suka auna lakar kudancin Tekun Indiya, suka tarar sanyi yana maimaituwa wajen ko wace shekara 100,000, da 41,000, da 23,000, kusan daidai da lissafin masana taurari.

Rumbun Ƙanƙara

A Girinlan da Antaktika, can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙarar da ta zuba ba ta narkewa, ta bana ta kan hau kan ta bara. Ita kuwa tsohon ruwan sama ce da kansa. A 1966 Amurkawa suka huda ƙanƙarar Girinlan har ƙasa a wani sansani da a ke kira Camp Century, zurfin wajen ƙafa 4,550, Dansgaard ya auna ta ya karanta labarin wajen shekara 100,000. A tashar Vostok ta Rashawa, a Antaktika, an kai zurfin mil biyu da ɗoriya a 1998, aka sami labarin shekara 420,000. Bayansu Turawan ƙasashe goma suka haɗa kai suka haƙa a wani wuri da a ke kira Dome C, suka kai shekara 800,000, watau zuwan sanyi da komowarsa sau takwas. A farkon 2025 kuma aka ba da sanarwar an zaro ƙanƙarar da ta kai shekara miliyan 1.2.

Ƙanƙarar nan ta nuna cewa tsakanin zamanin sanyi da na ɗumi akwai bambancin wajen digiri 8 zuwa 10 a Antaktika. Ta Girinlan kuma ta nuna wani abin tsoro, watau wani lokaci ƙasar ta kan ɗumama da digiri da yawa cikin shekaru 'yan gomomi, abin da bai kai tsawon ran mutum ɗaya ba. Har wa yau akwai 'yan kumfa na tsohuwar iska a kulle cikin ƙanƙarar. Sun nuna cewa cikin shekara 800,000 ɗin nan, iskar kabon mai riƙe zafi tana kai da kawowa tsakanin wajen kashi 180 da 300 cikin miliyan, tana hawa tare da ɗumi tana sauka tare da sanyi. A 2024 ta wuce 420.

Gero Da Itace

Kabon shi ma yana da nasa labari. Tsire-tsire suna shaƙar iskar kabon su gina jikinsu, amma hanyarsu biyu ce. Itatuwa da shinkafa da alkama da wake da gyaɗa suna ƙyamar kabon 13. Gero da dawa da masara da rake, da galibin ciyawar dajinmu, ba su cika ƙyamarsa ba, sun ɗara waɗancan da wajen kashi 14 cikin 1,000. Dabba kuwa abin da ta ci shi ke gina ta. Haƙorin saniya mai kiwon ciyawa ya bambanta da na raƙumin dawa mai cin ganye, ko da ya shekara miliyan a binne. Da haka a ke sanin ko wuri kurmi ne a da ko fili. Daga haƙoran dawakin da da wasu dabbobi aka gane cewa irin ciyawar nan ta yaɗu a duniya tsakanin shekara miliyan 8 da miliyan 6 da suka wuce.

Kabon kuma ya ba da shaida bisa iskar nan da ta ƙaru. Kwal da man fetur asalinsu tsire-tsire ne da ƙananan halittun ruwa, don haka kabon 13 ya yi ƙaranci a cikinsu. Da aka gwada iskar yau da tsohuwar da ke cikin ƙanƙara, sai aka ga kabon na sama ya yi ta ƙara sauƙi tun da aka shiga ƙona kwal da yawa a ƙarni na 19. Hayaƙin ya bar tambarinsa.

Abin Da Aka Karanta Bisa Ƙasarmu

Tsakanin wajen shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce, layin nan na duniya ya sa arewacinta ya fi kusantar rana a lokacin bazara da damina. Ƙasa ta yi zafi, ta jawo iskar teku da ƙarfi, damina ta kai har tsakiyar Sahara. Tafkin Cadi ya cika har ya kai wajen mil murabba'i 135,000, kusan girman Tekun Kasfiyan. Tudun rairayin nan da ya bi ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. A Dufuna ta ƙasar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya tarar da kwalekwale wanda aka auna ya kai wajen shekara 8,000. A Dabous ta ƙasar Azbin akwai siffar raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, a Gobero kuma, cikin hamadar Tenere, an tono ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye. Allin da ya kwanta a gindin busassun tafkunan Sahara ya yi daidai da wannan, gama oksijin ɗinsa ya nuna zamanin ruwa mai yawa, kana ya nuna ƙafewa.

A ƙasar Gana, wajen mil 20 daga Kumasi, akwai wani tafki a cikin rami mai zurfi, sunansa Bosumtwi. Babu kogin da ke fita daga cikinsa, lakarsa kuwa tana kwanciya shafi-shafi ko wace shekara. Kabon na lakar ya nuna cewa a zamanin ƙanƙara ciyawa ce ta kewaye shi, ba kurmin da ke wurin yanzu ba. A 2009 Timothy Shanahan da abokan aikinsa suka bayyana awon oksijin na shekara 3,000 na wannan laka. Suka tarar fari na shekara 30 ko 40 abu ne da ya saba zuwa Afirka ta Yamma, kuma akwai wanda ya fi haka daɗewa. Na bayan nan ya kama daga wajen 1400 zuwa 1750 na Miladiyya, tafkin ya ja baya har itatuwa suka tsiro a inda ruwa ya janye, kututturansu na nan a nutse. Mu kuwa mun san abin da farin 1973 da na 1984 suka yi wa manoma da makiyaya, mun san Tafkin Cadi, wanda ya kai wajen mil murabba'i 10,000 a 1963, ya koma wajen ushirin haka cikin shekara 20 da 'yan kai. Lakar Bosumtwi ta ce ƙasar nan ta ga wanda ya fi wannan.

Shaida ta ƙarshe tana ƙarƙashin ƙafafunmu. A ƙasar Barno, tun daga shekarun 1950, an huda rijiyoyin burtsatse masu zurfin ƙafa 1,000 ko fiye, ruwa ya riƙa bulbulowa da kansa ba famfo, da yawa kuwa aka bar su suna kwarara dare da rana. A shekarun 1990 masana na Ingila da na Jami'ar Maiduguri suka auna ruwan. Suka tarar ya fi ruwan saman yau sauƙi a oksijin da haidirojin, ke nan ba daminar zamaninmu ce ta zuba shi ba. Kabon 14 ya nuna ya shekara wajen 20,000 a ƙasa, wasu iskoki da suka narke a cikinsa kuma suka nuna ya shiga ƙasa ne sa'ad da wurin ya fi yau sanyi da wajen digiri 6. Ruwan nan gado ne. Abin da aka ɗiba daminar bana ba ta mayar da shi, ƙarfin bulbulowarsa ma ya ragu tun daga lokacin da aka fara huda shi.

Dattijanmu dai sun yi gaskiya da suka ce damina tana sauyawa, sai dai sauyin ya wuce abin da kakan kakansu ya gani, kuma yana tafiya gaba yana komowa baya. Yawancinmu za mu fita daga wannan makaranta mu tafi koyarwa a garuruwan da rayuwarsu ta rataya a kan watanni huɗu na ruwa. Ya kamata ko wanenmu ya kafa ma'aunin ruwa a filin makarantarsa, ya sa yara su riƙa rubuta abin da aka samu kullum ba fashi, ya kuma koya musu bambancin rijiyar da damina ke ciyarwa da wadda ke zubar da ajiyar shekara 20,000. Yaron da ya san wannan ba za ya wuce burtsatse yana kwarara a banza ya ƙyale ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.